Carbi, Zawiya ko Zaman Lura da Numfashi: Wanne Zai Kwantar Maka da Hankali?

Ɗan ƙanwata da ke karatu a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, nan Zariya, ya same ni a zaure wata Asabar bayan La'asar, ya raɓa gefen tabarma yana ta juya waya a hannu. Sai da muka gaisa, na tambayi mutanen gida, sannan ya ce, "Kawu, ni fa kaina ba ya yin shiru. In na kwanta sai in ta saƙa da warwara har a kira assalatu. In na ta da kabbara kuwa, kafin in kai ruku'u na je Samaru na dawo." Shawara uku aka ba shi. Mahaifiyarsa ta ce ya riƙe azkar na safe da yamma. Abokin ɗakinsa yana ta jan sa zawiyarsu wazifa. Wata 'yar ajinsu kuma ta turo masa manhajar meditashan, irin wadda wata murya ke cewa ka rufe ido ka bi numfashinka. "To Kawu, wanne zan kama?"

Biyu daga cikin ukun na yi su da kaina shekara da shekaru. Na ukun a gefensa na tashi, domin gidanmu na cikin birni katanga ɗaya ce ta raba shi da zawiya. Na kuma san ba yaron nan kaɗai ke kwana ido biyu a garin nan ba.

Tun farko a cire rai da cewa akwai wadda za ta kashe tunani ɗungurungum. Zuciya aikinta ke nan, saƙe-saƙe. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya zaunar da ɗalibai ya ce na tsawon minti biyar kada su kuskura su tuna da farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, in ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta ƙara. Da aka ɗage hanin ma, sai dabbar ta riƙa zo musu fiye da waɗanda ba a hana ba tun farko. Gwada da kanka, ka ce wa ranka kada ya tuna da bashin da ake bin ka. A 2010 kuma masu bincike biyu na Jami'ar Harvard suka bibiyi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suka tarar a kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan da aka tambaye su, hankalinsu yana wani wuri daban da abin da ke gabansu. Addini ma bai ɗora mana wannan nauyi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su furta ko sun aikata ba.

Abin da ake koya wani ne daban. Ka tsaya ƙarƙashin gadar Kwangila da hantsi. 'Yan kamasho na ta kira, wannan Kano, wancan Funtuwa, wani har ya kama maka jaka yana rantsuwa saura mutum ɗaya. Rufe musu baki ya fi ƙarfinka, amma babu wanda zai cusa ka mota dole. Mai yawan tunani shi ne wanda duk motar da aka kira sai ya shiga, sai an wuce Giwa ya farga ba can ya nufa ba. Hanyoyin nan uku duk tsayuwa a bakin titi suke koyarwa, sai dai kowace da abin da take ba ka ka dafa.

Zikirin mutum shi kaɗai ya fi kowanne kusa da hannu. Ba a biya, ba a neman izinin kowa, ba ya cin data, ɗauke wuta ba ta dame shi ba. Tasbihi, tahmidi da kabbara talatin da uku-uku bayan kowace salla, istigfari ɗari a yini, azkar na safe da yamma da ba su wuce kwata ɗin awa: duk ɗan makarantar Islamiyya ya san su. Lokacinsa ma an riga an yanka mana, domin Muslim ya ruwaito daga Jabir bin Samura cewa Manzon Allah (SAW) kan zauna a inda ya yi sallar Asuba har rana ta fito. A Zariya wannan ne kaɗai lokacin da gari yake naka, kafin 'yan acaba su cika titi, kafin ƙananan jiragen 'yan koyon tuƙi su fara shawagi a kan Samaru da Palladan.

Yana aiki ta fuska biyu. Ta fuskar jiki, harshe da kunne da yatsu duk sun sami abin yi, sai filin da damuwa ke kiwo ya ƙuntata. Kuma mai maimaita kalma a natse yana tsawaita fitar da numfashi ba tare da ya sani ba, bugun zuciya kuwa a lokacin fitar numfashi yake sassautawa. Wasu likitoci a Italiya sun auna wannan a 2001 a kan masu jan rosari, wato carbi irin na 'yan Katolika, suka ga numfashinsu ya sauko wajen sau shida a minti. Ta fuskar ma'ana kuma, a nan zikiri ya tsere wa sauran. Wanda tsoron gobe ya hana barci, in ya ce "Hasbunallahu wa ni'imal wakil" yana sane da abin da yake faɗa, amsa ya ba tsoron nasa kai tsaye. Ayar da kowa ke kawowa, ta 28 a Suratur Ra'ad, cewa da ambaton Allah zukata ke natsuwa, a kan wannan take.

Matsalarsa ita ce sabo. Akwai wani dattijo a masallacinmu, Allah ya ba shi lafiya, carbinsa ba ya tsayawa. Ran nan ina kusa da shi, 'ya'yan carbi na ta ƙas-ƙas a yatsunsa, leɓe na motsi, sai ya karkato ya ce min, "Malam, nawa aka sayar da tiyar masara jiya a Tudun Wada?" Na faɗa masa, ya girgiza kai, carbi bai fasa tafiya ba ko ƙwaya ɗaya. Ban yi masa dariya ba, don ni ma na sha gama azkar ɗina kaf ban san na fara ba. Lada na wurin Allah, wannan ba hurumina ba ne. Amma natsuwar da yaron nan ke nema, zikirin tsere ba zai ba shi ita ba.

Malaman da suka gabata sun san da wannan cuta, kuma sun rubuta maganinta tun kafin a haifi kakannin masu manhaja. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, laƙabin nasa ma daga yi wa kai hisabi ya samo shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u a kan muraƙaba da muhasaba, ya kwatanta mutum da ransa da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: da safe ka gindaya masa sharaɗi, da rana ka sa masa ido, da dare ku zauna lissafi. Duk mai shago a kasuwar Sabon Gari ya san wannan tsari. Malaman tasawwufi sun kuma kasa abin da ke ɗarsuwa a zuciya, wanda suke kira hawaɗir, gida huɗu: na Ubangiji, na mala'ika, na son rai, da na Shaiɗan. Ka lura, ba za ka iya tantance daga ina tunani ya fito ba sai ka ja baya ka dube shi, maimakon ka bi shi a guje. Ashe kallon tunani ba baƙon abu ba ne a zaurukanmu, mu ne muka riƙe ƙirga muka saki kallon.

Zawiya kuma wani abu take bayarwa wanda mai zikiri shi kaɗai ba shi da shi, wato jama'a da ƙa'ida. A Tijjaniyya, lazimi safe da yamma ne, istigfari ɗari, salatin Annabi ɗari, hailala ɗari. Wazifa ana yin ta cikin jam'i, istigfari talatin, Salatul Fatihi hamsin, hailala ɗari, Jauharatul Kamali goma sha biyu, sannan ga zikirin Juma'a bayan La'asar. Ina yaro, daga tsakar gidanmu nake jin lokacin da suka shiga hailala. Muryoyi kan fara a warwatse, wani na gaba wani na baya, can sai su haɗe su zama ɗaya, har ka ji kamar katangar ce ke numfashi. In na leƙa, sai in ga an shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya, telan unguwarmu da ke faɗa da kowa da rana yana zaune kamar an zare masa laka. Ƙadirawa, ɗariƙar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi, suna da nasu wuridin, ga bandiri, ga zikirin anfasu wanda da numfashi ake yin sa.

Ga wanda ya san kansa da fara abu ya watsar bayan kwana uku, ko wanda kaɗaici ne tushen damuwarsa, kamar ɗalibin da ya baro garinsu ko dattijon da ya yi ritaya gida ya yi masa faɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ba a gan ka ba kwana biyu, wani zai biyo sawu. Manhaja sai dai ta turo maka saƙo.

Sai dai shiga ɗariƙa alkawari ne, ba gwaji ba. Lazimi a hannun muƙaddami ake karɓarsa da sharuɗɗa, wanda ya karɓa ya ɗaurawa kansa shi har mutuwa, in ya kuɓuce masa sai ya rama, kuma ba ya haɗa shi da wuridin wata ɗariƙa. Ga kuma saɓanin da kowa ya sani. Tun kafa Izala a Jos a 1978, har ma kafin nan, ake muhawara a kan waɗannan wuridai, kuma akwai gidaje a garin nan da uba da ɗa ba sa salla a masallaci ɗaya saboda ita. Ba ni zan raba wannan gardama ba. Abin da na ce wa yaron shi ne, wannan shawara ce ta aƙida, da ilimi ake yanke ta, a gaban malamin da ka yarda da tsoron Allahnsa. Wanda ya shiga don kawai barci ya ƙaurace masa a makon jarrabawa bai yi wa kansa adalci ba, bai yi wa ɗariƙar ba.

Saura zaman lura da numfashi, wato meditashan ɗin nan. Asalinsa ba ɓoyayye ba ne, daga addinin Buddha ya fito, inda bin shiga da fitar numfashi tsohuwar hanya ce ta horar da hankali. A 1979 Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halittu, ya cire masa rigar addini ya shigar da shi asibitin Jami'ar Massachusetts don masu ciwon da ya ƙi jin magani. Tsarinsa mako takwas ne, ana haɗuwa sau ɗaya a mako na wajen awa biyu da rabi, sannan kowa ya yi minti 45 kullum a gida. A riƙe wannan adadi, domin manhajoji irin su Headspace da Calm minti goma suke tallatawa, cikakken amfani da su kuma sai da kuɗin rajista, alhali yawancin binciken da ake kafa hujja da shi a kan mai tsawon aka yi.

Yadda ake yi ba wuya a baki. Ka zauna, ka sa hankalinka a inda iska ke taɓa hancinka ko inda ciki ke ɗagawa. Ba za ka kai numfashi biyar ba hankali zai gudu. Da ka farga, sai ka ce a ranka "tunani ne", ko ka kira shi da sunansa, "tsoro", "lissafi", "tsohon faɗa", ka dawo ba tare da ka zagi kanka ba. Dawowar nan ita ce aikin. Ranar da na fara, a kan dakalin ƙofar gida da sanyin hunturu, cikin minti goma na sake gina katangar da ta zube, na rama wata baƙar magana da aka faɗa min tun ina hidimar ƙasa, na kuma aurar da 'yata da ke aji uku na firamare. Na tashi ina ganin na fi kowa lalacewa. Sai bayan makonni na gane hayaniyar dama tana nan, ranar ce kawai na fara jin ta.

Yana aiki? Yana yi, daidai gwargwado. Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara gwaje-gwaje 47 a kan mutum 3,515, ya sami matsakaiciyar hujja cewa yana rage fargaba, baƙin ciki mai nauyi da raɗaɗin ciwo, amma bai nuna ya fi motsa jiki ko magani ba. A 2022 wani gwaji a Amurka kan mutum 276 masu ciwon fargaba ya nuna tsarin mako takwas ɗin ya yi kafaɗa da kafaɗa da ƙwayar escitalopram, maganin da ake ba masu wannan ciwo. A Ingila hukumomin lafiya sun amince da wani reshensa ga masu ciwon damuwa da ke yawan dawowa. Ƙarfinsa shi ne yana koya maka, dalla-dalla, ka ga tunani a matsayin tunani. "Zan faɗi jarrabawa" ya koma "ga tunanin faɗuwa ya sake zuwa". Tazarar da ke tsakanin waɗannan jimloli biyu ƙarama ce a takarda, amma da ƙarfe biyun dare tana da faɗi.

Rauninsa uku ne a idona. Na ɗaya, ba ya ba ka amsa. Zai nuna maka tsoron mutuwa ya zo ya wuce, ba zai gaya maka komai game da mutuwar ba. Na biyu, ba kowa yake karɓa ba. Masu bincike a Jami'ar Brown sun tattara bayanan mutanen da dogon zama ya tayar musu da firgici ko ya dawo musu da mugun abin da suka taɓa gani. Wanda ya taɓa faɗawa hannun masu garkuwa, ko ya tsira daga mummunan hatsari, kada ya rufe ido shi kaɗai a ɗaki na tsawon awa ba tare da mai lura da shi ba. Na uku, kasuwar a cakuɗe take. Wasu darussan numfashi ne zalla, wasu kuma za a ce ka maimaita wata kalmar Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da ba ka san ma'anarta ba, ko ka buɗe wasu ƙofofin ƙarfi a jikinka. Ni ba mai fatawa ba ne, amma iyakar da na ja wa kaina ita ce: lura da numfashin da Allah ya ba ni kamar tattaki ne da safe, duk inda aka ce in kira wani suna ko in sunkuya wa wani abu kuwa, na sauka a nan. 'Yan ɗariƙar Naƙshabandiyya na tsakiyar Asiya ma suna da tsohuwar ƙa'ida cewa kada numfashi ya shiga ko ya fita cikin gafala.

To wa ya dace da wanne? Kowa da kiwon da ya karɓe shi. In damuwarka ta gobe ce, abinci, haya, makomar yara, zikiri da fahimtar ma'ana ya fi kusa da ciwon. In kai mai tuƙa magana ɗaya ne kamar akuya, abin da aka faɗa maka shekaran jiya kana ta juya shi, dabarar kiran tunani da sunansa za ta fi saurin yi maka aiki. In rashin ɗorewa ne ko kaɗaici, jama'a kake buƙata, ko zawiya in aƙidarka ta kai ka can, ko halƙar karatu tsakanin Magariba da Isha'i. Matan da yara ba sa barin su shaƙat, kuma ba su da zauren da za su ɓuya, su ne suka fi kowa cin ribar zikiri, don shi ake yi ana tuƙa tuwo, ana goyo.

Akwai kuma inda duk ukun ba su isa ba, kuma a nan muka fi yin sakaci. Mai sake alwala sau bakwai, ko mai ta da kabbara yana warwarewa har liman ya yi ruku'u, ƙara masa yawan wuridi na iya zama sabon abin da zai riƙa kokwanto a kai. Ahalari da muka karanta a zaure ya riga ya ce mai waswasi ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kai, sai dai ya yi ba'adiyya. In hakan ya gagara, ciwo ne da likitoci suka sani, kuma yana da magani. Haka wanda ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, ba ci, ba barci, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ransa na raya masa ya kashe kansa. Wannan a kai shi sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ya tafi da carbinsa a aljihu. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba.

Yaron dai na tambaye shi ko yana cin abinci, ko yana zuwa lakca, ko yana dariya da abokai. Ya ce duk yana yi, barcin ne da sallar. Na ce to kada ya tauna taura biyu. Bayan sallar Asuba kada ya tashi daga inda yake, kada ya taɓa waya. Minti biyu ya bi numfashinsa har jikinsa ya sauka, sannan istigfari talatin da uku kacal a yatsu, kowane ɗaya da numfashinsa guda, yana jin abin da yake roƙo. Duk sanda ya farga ya tafi Samaru, ya ce "na gan ka", ya dawo kan yatsan da ya tsaya. Da dare kuma ya ajiye wayar nesa da katifa, ya yi lissafin Gazali na minti uku, ya rufe shago. Maganar zawiya ya bar ta sai an yi hutu, ya je ya zauna da malamai ya yi tambaya.

Bayan mako uku ya kira ni. Na ce, "Yaya kan naka, ya yi shiru?"

Ya ce, "Ina fa, Kawu. Amma jiya a sallar Isha'i hankalina na kan hanya, a PZ na farga, ban ƙarasa Samaru ba."